Mutumin da ke Cikin Rigar Jadoo

A gidajen kallo na Ƙaraye da Rogo, inda ake haska finafinan Indiya bayan isha'i da ƙarar janareta, yara da yawa sun san Jadoo, baƙon halittar nan mai launin shuɗi da ya sauko daga sararin samaniya a fim ɗin Koi... Mil Gaya na 2003. Sun san Hrithik Roshan, jarumin fim ɗin. Amma wanda ya shiga cikin rigar robar nan, ya sha zafinta da nauyinta, sunansa Indravadan Purohit, wada ne da ya shafe shekaru yana ƙananan fitowa. Ya rasu a 2014.

A wannan shekarar ta 2014, ranar 10 ga Disamba, muka rasa Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan da ya bar aikin gandiroba ya rungumi barkwanci. Shi Allah ya ɗaukaka shi, jana'izarsa ta cika maƙil. Waɗanda na fi tunawa su ne abokan wasansa, irin su Purohit a namu finafinan, masu jefa masa magana don ya mayar a yi dariya. Dariyar Ibro da su aka gina ta.