Kiɗan Da Ba Ya Gaggawa

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in ba ku labarin wani faifan kiɗa na Turawa wanda ya yi mini rana a lokacin baƙin ciki. Na san waɗansu za su ce, me ya haɗa kifi da kaska? To, ku dai ba ni aron kunnuwanku, in na gama kowa ya yanke hukuncinsa.

Ni a Kado na ke zaune, cikin Abuja, ba nisa da kasuwar kifi. Wanda ya san wurin ya san unguwa ce ta masu sauri. Tun da asuba motoci ke tsere zuwa Jabi da Utako, masu sayen kifi na ciniki a tsaye, waƙoƙin da ke tashi daga shaguna kuwa kowace minti uku ce, kafin ka gane kanta ta ƙare. A cikin shekarar 2022 Allah ya yi wa wana rasuwa. Muka yi zaman makoki na kwana uku a Zariya, na komo bakin aiki. Kowa ya yi mini gaisuwa, amma bayan mako guda sai na ga gari ya ci gaba da gudunsa, ni kuwa zuciyata ta ƙi tashi daga inda ta durƙusa. Wani abokin aikina mai koyar da Turanci ya lura da ni, ya sa mini wani faifai cikin wayata. Ya ce, "Malam, kada ka saurare shi a mota. Ka bari sai dare ya yi."

Irin wannan kiɗa Turawa na ce masa doom metal. Kalmar farko tana nufin ajali ko halaka, ta biyu kuwa ƙarfe. Asalinsa daga birnin Bamingam ne na ƙasar Ingila, garin maƙera da masana'antu. Akwai wani saurayi a can, Tony Iommi, wanda injin yanka ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama yana da shekara 17, ga shi kuwa bahago ne, da waɗannan yatsu ya ke danna tsirkiyar gita. Bai bar kiɗa ba. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya sa tsirkiya marasa kauri don su yi saukin dannawa. Shi da abokansa uku suka kafa ƙungiyar Black Sabbath, suka fitar da faifansu na farko ran 13 ga Fabrairu, 1970. A faifansu na uku, na 1971, ya sassauta tsirkiyar ƙwarai, sai muryar gita ta yi ƙasa, ta yi kauri kamar rugugin hadari. Daga nan waɗansu suka ɗauka, irin su Candlemass na ƙasar Suwidin a 1986, kowa na ƙara wa abin nauyi yana rage masa sauri.

Faifan da aka ba ni sunansa Mirror Reaper, na wata ƙungiya ce Bell Witch daga birnin Siyatil na Amurka, ya fito cikin 2017. Mutum biyu ne kurum. Dylan Desmond na kaɗa babbar gita mai kaurin murya, wadda a ke ce wa bas, tasa mai tsirkiya shida. Jesse Shreibman na buga ganguna, yana kuma taɓa ogan, watau abin kiɗan nan mai kama da akwati da a ke ji a coci. Waƙa ɗaya ce tak a faifan, amma tsawonta minti 83. Abin da ya sa ta yi nauyi haka shi ne, suna cikin shirinta sai tsohon makaɗin gangarsu, Adrian Guerra, ya mutu cikin 2016. Suka nemo muryarsa da aka ɗauka tun yana da rai ba a yi amfani da ita ba, suka sa a tsakiyar waƙar. Watau mamacin ne ke waƙa cikin makokin kansa. Allah Sarki!

Ga yadda abin ya ke a kunne. Da fari za ka ji tsirkiya ɗaya tana kuka a hankali, kamar ɗigon ruwa daga indararo bayan an ɗauke ruwan sama. Ana nan sai ganga ta faɗo tare da gurnanin gita, ka ji har cikin ƙirjinka. Sa'an nan a bar sautin ya yi ta shuɗewa, ba a sake bugu sai ya kusa mutuwa. Na gwada, nakan ja numfashi in sauke tsakanin bugu da bugu. Muryar mawaƙin wani lokaci gurnani ce kamar daga ƙarƙashin rijiya, ba ka rarrabe kalmomi, wani lokaci kuwa siririya ce mai taushi. Bayan an wuce rabi sai nauyin ya janye, a bar ka da ogan da murya mai sanyi na tsawon lokaci, kana daga baya gangar ta komo.

To, me na samu a ciki? Na samu abin da ya yarda ya yi tafiya daidai da ƙafata. Mai baƙin ciki kamar mai ɗauke da buhun gero ne, in ka ce masa ya yi gudu ka zalunce shi. Wannan kiɗa bai ce mini in manta ba, bai kuma ce in yi murna ba. Ya zauna tare da ni kurum, kamar yadda dattawa ke yi a wurin gaisuwar mutuwa, su zauna a tabarma sa'a guda ba su ce kome ba sai "Ya haƙuri?" A cikin waɗannan sarari na tsakanin bugu na ke tuna wana, yadda ya ke goya ni a keke zuwa makaranta, da yadda ya biya mini kuɗin jarrabawa daga albashinsa na farko.

Wata rana kawuna ya zo daga Zariya ganin likita, ya sauka wurina. Da dare aka ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit, na kunna faifan a hankali. Ya yi kasaƙe, can ya ce, "Kai ɗan nan, wannan injin niƙa ne ko kiɗa?" Na ce, "Kawu, a ƙara masa minti goma." Da minti goman suka cika sai ya gyara zama ya ce, "Af, ai tambari ne. Su ma Turawa ashe suna da tambari." Ya ba ni labarin yadda su ke zuwa ƙofar fada daren Juma'a suna yara don jin makaɗan sarki. Ya ce tambari ba a yi masa bugun kalangu, sai a buga a dakata, don girman sarauta ba ya son rawar kai. Kakaki kuma muryoyinsa ba su fi biyu ko uku ba, amma in aka busa shi sai tsikar jiki ta tashi. Ashe kunnen Bahaushe ya daɗe da sanin cewa abu mai girma a hankali ya ke tafiya.

Na san akwai masu cewa kiɗan ƙarfe na shaiɗanu ne, don sunayen ƙungiyoyin da zanen da ke bayan faifansu na da ban tsoro. Black Sabbath dai sun ari sunansu ne daga wani sinima na ban tsoro na 1963. Ban ce duk abin da ke wannan fage na kirki ba ne, kowace kasuwa ba a rasa ruɓaɓɓen kifi. Ban kuma ce kiɗa na maye gurbin addu'a ba, abin da mamaci ke bukata gare mu ke nan. Abin da na ce shi ne, a ji abu tukuna kafin a yanke masa hukunci.

Akwai kuma darasi gare mu malamai cikin wannan dakatawa ta tsakanin bugu. Wata malama a Amurka, Mary Budd Rowe, ta bayyana cikin 1972 cewa yawancin malamai in sun yi tambaya ba su jira fiye da daƙiƙa ɗaya kafin su wuce. Ta ga in aka jira daƙiƙa uku, amsoshin yara na ƙara tsawo, waɗanda ba su magana ma sai su buɗe baki. Tun da na saba da wannan faifai, jiran nan ya daina yi mini wuya a aji. Kwanan baya wata yarinya da ke zama can baya, wadda ba a jin muryarta, ta ba da amsar da ta fi ta kowa, don kurum an ba ta lokaci.

Saboda haka, in wani ya sami sarari, ya nemi wannan faifai ya ji shi tun daga farko har ƙarshe, a zaune, ba tare da taɓa waya ba. In bai yi masa daɗi ba, ya dai koyi zama wuri ɗaya na minti 83, wannan kuwa ba ƙaramar riba ba ce ga mai shirin tsayawa gaban yara arba'in. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu haƙurin sauraro, amin.