Ragon da Na Shigo da Shi ta Bayan Araba

Saura mako uku Babbar Sallah na tsallaka Birnin Ƙonni na sayi rago. Uda ne, gabansa ja, bayansa fari, mai cikar ƙirji, irin wanda mai layya ke ɗaurewa a ƙofar gida don a gani. Da na tashi dawowa, ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni ya ce, "Malam, in muka bi ta ƙofa sai la'asar." Ban yi masa musu ba. Muka ratsa gonaki, muka ɓullo ta bayan Araba kafin azahar, ina ta murnar na tsira daga jira.

Mu 'yan Araba ba mu cika ɗaukar iyaka da nauyi ba. Dangi a can, dangi a nan, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya. Rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ba su hana zirga-zirga ba, sai dai suka ƙara wa ɓarauniyar hanya faɗi.

Na ɗaure ragon a gidan gwaggona, cikin jajayen awakinta takwas. Waɗannan awaki su ne asusunta, da su take sayen magani, da su take shirin kayan ɗakin jikarta. A kwana na biyar rago ya daina cin dusa, majina ta toshe masa hanci, zawo ya biyo baya. Kafin likitan dabbobi ya zo, cutar ta shiga garken. Ya duba bakunansu ya ce annobar awaki da tumaki ce, wadda likitoci ke kira PPR, 'yar uwar bushiya. Biyar suka mutu. Da aka ware ragon shi kaɗai na mako uku, in ji shi, da abin ya tsaya a kansa.

A daren nan na tuna wani abu da na gani a wata tashar jiragen ruwa a Ingila, lokacin ina karatu. Wani ƙaramin jirgi mai tafiya da iska ya iso daga wata ƙasa, ya ɗaga tuta ruwan ɗorawa, mutanen ciki suka zauna suna jira. Na tambaya, aka ce ƙa'idar teku ce: baƙon jirgi ya ɗaga wannan tuta, ya sanar da hukuma isowarsa, kada kowa ya kama gabansa sai an sallame su. A Ostareliya da Niyu Zilan har abincin cikin jirgi ake bincikawa, a karɓe ɗanyen nama da 'ya'yan itace, a duba ko gindin jirgin ya kwaso wasu halittu daga wani teku. Al'adar ta daɗe. Birnin Dubrovnik ya fara tsare baƙi kwana talatin a 1377 saboda annoba, daga baya aka mayar da shi arba'in, kuma daga wannan adadi Turawa suka sami kalmarsu ta killacewa. Mu da muke ware mai jego kwana arba'in ba mu buƙatar a yi mana dogon bayani.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, matuƙin ne ke ɗaga tutar da hannunsa. Teku faɗi gare shi, yana iya lallaɓawa ya sauka a wata gaɓa. Ni ma daji faɗi gare shi, na kuwa lallaɓa.

Laifina ne, ba na neman wanda zan jingina wa. Amma na san dalilin da ya sa na ga ƙofa na kauce. A tunaninmu iyaka wurin kuɗin fito ne, wurin ƙirga buhunan shinkafa da jarkokin fetur. Kowa ya san kwastan, kaɗan ne suka san akwai hukumar tarayya mai aikin killace dabbobi da tsirrai. Alhali buhun shinkafa in ya sulale, haraji kaɗai aka rasa. Bushiya kuwa ta share shanun ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 19, ta sake dawowa a 1983, sai a 2011 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya. Garin da ke da kasuwar dabbobi kamar ta Illela ya cancanci turken killacewa mai ruwa da inuwa, da likita mai duba dabba cikin mintuna, a kuma sanar a masallatai da rediyo cewa dubawar ba kwace ba ce.

Bayan Sallah na kai wa gwaggo kuɗin awakinta. Ta ƙirga, ta maido mini rabi. "Ɗana," ta ce, "kuɗi na gani. Amma babbar nan da ta mutu, tun uwarta nake kiwo." Na sayo mata biyu a kasuwar Illela. Ita da kanta ta sa aka kafa musu turke a bayan rumbu, nesa da ukun da suka rage.