Mu da Kekunanmu a Gefen Titi

Mu uku ne muke fita daga unguwarmu a kan keke kowace safiya zuwa jami'a. Da mun iso babban titi, inda tireloli da Adaidaita Sahu ke rige-rigen wucewa, sai mu haye daɓen da aka yi domin masu tafiya a ƙasa. Tsoro ne yake kai mu can.

Wata Litinin wani ɗan sanda ya tare mu. Ranmu ya ɓaci, domin a gabansa wata mota ta bi hannun da ba nata ba. Ɗayanmu ya ce, "Yallaɓai, duk masu laifin nan, mu ka gani?" Sai ya nuna mana wata 'yar firamare da ta manne da bango, riƙe da hannun ƙanenta, tana jiran mu wuce. Ya ce, "Samari, yadda kuke tsoron tirela, haka take tsoronku. Ku sauka ku tura." Muka sauka, jikinmu a sanyaye.

Da muka bincika, ashe wannan gardama ta daɗe har a Ingila. Wata doka ta 1835 ce ta hana bin hanyar masu tafiya da abin hawa, daga baya aka sanya keke a ciki. A 1999 aka ba 'yan sanda ikon cin tarar fam 20 nan take. Amma minista Paul Boateng, wanda mahaifinsa ɗan Ghana ne, ya bayyana cewa ba a yi tarar domin mai keken da tsoron motoci ya kora gefe ba, muddin yana kula da masu tafiya. Ya nemi 'yan sanda su yi aiki da hankali.

Har yanzu muna ganin direban da zai iya kashe rai shi ya fi cancantar a fara tarewa. Sai dai laifinsa bai wanke namu ba.

Ƙannenmu 'yan sakandare, da yawanku keke kuke hawa zuwa makaranta. Ku gyara birki, ku sa ƙararrawa. In titi ya gagara kuka hau gefe, ku rage gudu. In akwai yara ko tsofaffi, ku sauka ku tura. Mu dai minti biyar kawai ya ƙara mana a hanya.