Hasken Tsofaffin Injinan Wasa a Alameda

Idan tafiya ta kai ka Kalifoniya a Amurka, ka ɗebi yara ku leƙa Pacific Pinball Museum da ke Alameda. Kuɗin shiga kawai za ka biya, ku yi ta buga ƙwallon ƙarfe a injinan da wasunsu sun girme ka.

Ka tsaya ka dubi fitilunsu. Tsohon ƙwan fitila yana da zafi. A hankali yakan lanƙwasa roba, ya ɓare fentin gilashi. Shi ya sa masu gyara da dama ke musanya shi da LED. Sai dai wani LED ɗin fari ne fat, yakan ɓata launin zanen asali.

Da injin naka ne, wanne za ka sa masa?