Birnin Meksiko, Garin Da Ake Naɗe Miya A Cikin Masara

A wannan watan ki ajiye muciya ki ɗauko mayafinki, domin za mu yi nisa. Garin da za mu leƙa sai an ƙetare tekun Atilantika ake isa gare shi, wato Birnin Meksiko, babban birnin ƙasar Meksiko da ke maƙwabtaka da Amurka ta wajen kudu. Abin da zai kai mu kuwa ita ce tambayar nan da ke tsaye a wuyan kowace mace idan la'asar ta yi sanyi, yara sun dawo daga makaranta, maigida yana hanya: yau me za a ci da dare, kuma yaushe zai nuna? Matan wancan gari suna da tasu amsar, sunanta tako, kuma sai kin shiga unguwanninsu za ki gane dalilin da ya sa ba ya cin lokaci.

Da saukarki abin da zai fara yi miki maraba shi ne haki. Birnin yana bisa tudu mai tsawon mita 2,240, wato ya kusa ninka tudun Jos, don haka matakala goma kacal za ki taka ki ji kamar kin yi surfe. Ko tukunya ta san da wannan tudu, domin a can ruwa yana tafasa tun zafinsa bai wuce digiri 92 ba, sai wake ya yi ta jan rai bai nuna ba. Shi ya sa tukunyar nan mai huci da ke dahuwa da ƙarfin tururi ta samu karɓuwa a gidajensu. Asalin wurin tafki ne. Mutanen Aztek suka kafa garinsu a kan tsibiri a tsakiyar ruwa a 1325, Turawan Sifaniya suka ci su da yaƙi a 1521, daga baya aka janye ruwan aka yi gini a kan laka. Har yau garin yana nutsewa a hankali, za ki ga tsofaffin gine-gine sun karkace kamar tsohuwa ta dafa sanda. A yanzu mutum sama da miliyan 21 ne ke kwana a birnin da kewayensa.

Ki shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe tun 1969, ki nemi taragun da aka keɓe wa mata da ƙananan yara, domin akwai su. Kowace tasha tana da hotonta saboda wanda bai iya karatu ba, ke dai ki sa ido sai kin ga hoton akwatin tuffa, nan ce Merced, babbar kasuwar cefane ta tsakiyar gari. A nan ne za ki riƙe baki. Barkono kaɗai layi guda ne, busasshe da ɗanye, wani baƙi ƙirin mai faɗin tafin hannu, wani ja siriri, wani mai ƙamshin hayaƙi, kowanne da sunansa da miyar da ake yi da shi. Kada ki yi mamaki, gidansu kika zo. Masara daga ƙasar nan ta fito, kimanin shekara 9,000 da suka wuce manoman kudancinta suka hore ta daga wata ciyawar daji. Ita kanta kalmar tumatir, idan kika bi sawunta ta bakin Turawa, a harshen Aztek za ki tsaya. Kina cikin wannan kallo sai ki yi kiciɓis da buhun zoɓo, jajawur, irin namu sak. Hamaika suke ce masa, suna jiƙa shi su sa sukari da ƙanƙara, ga kuma ruwan tsamiya a gefensa cikin manyan tuluna na gilashi. Baƙunta takan ragu idan mutum ya ga zoɓo.

Amma ni ba a kasuwa nake so ki daɗe ba. Ki fito ki shiga kowace unguwa wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu na rana, ki bi ƙarar wani inji mai kukan tsohon keken ɗinki. Za ki tarar da ɗan shago da layi a ƙofarsa, mata da yara da tsofaffi, da yawansu riƙe da ƙyallen da aka yi wa ado da zare. Wannan shi ne shagon tortiya. Tortiya wata 'yar gurasa ce ta masara, siririya, faɗinta kamar murfin ƙaramar samira, ba yis ba sukari. Injin yana murza kwaɓin, ya yanka shi zagaye-zagaye, ya bi da shi ta kan wuta, ta fito ɗaya bayan ɗaya da zafinta. A sikeli ake auna ta, kilo ko rabi, a naɗe wa mutum cikin ƙyallensa ya wuce gida. Babban abincinsu na yini tsakanin biyu zuwa huɗu ake cinsa, na dare kuwa mara nauyi ne, sau da yawa ragowar tortiyar rana ce ake ɗumamawa a kasko a zuba mata abin da ya samu.

To, a nan akwai abin da ya kamata ki tsaya ki fahimta, domin na san tunaninki ya riga ya tafi kan garin masarar da ke cikin bokitinki. Idan kika kwaɓa shi kika ce za ki murza, wargajewa zai yi, ba laifin hannunki ba ne. Su ba busasshiyar masara suke niƙawa ba. Da yamma sukan dafa tsabarta sama-sama a ruwan da aka zuba wa wani farin gari da suke kira kal, wanda ake samu daga ƙonanniyar farar ƙasa, kimanin giram 10 a kowane kilo na masara. A wasu yankunan tokar itace ke yin wannan aiki, kusan yadda muke neman taimakon kanwa ko ruwan toka. Sai a bar ta ta kwana a ruwan, da safe a wanke, dusar ta saɓule da kanta, a markaɗa ta da damshinta. Abin da zai fito kwaɓi ne mai laushi da ke kama jikinsa, mai wani ƙamshi da ba ya kama da na tuwo.

Wannan jiƙo ba don daɗi kaɗai ba ne. Masara tana ɗauke da wani sinadari mai suna niyasin, amma a ɗaure yake, jiki ba ya iya cin moriyarsa sosai sai an kwance shi, kuma ruwan kal ko na toka ne ke kwancewa. Yana ƙara mata sinadarin ƙarfafa ƙashi, yana kuma rage dafin fumfunar da ke kama hatsin da bai bushe da kyau ba. Turawa sun kwashi masara sun kai ƙasashensu, suka baro dabarar a baya. Sakamakon haka talakawan da suka dogara da ita kaɗai a arewacin Sifaniya da Italiya, daga baya kuma a kudancin Amurka, suka yi ta fama da cutar da ake kira felagira, mai sa fata ta yi baƙi ta daddare a inda rana ke duka, ga gudawa, ga ruɗewar hankali. Wani likita a Sifaniya, Gaspar Casal, ya bayyana ta tun 1735, amma sai a ƙarni na 20 aka gano ashe daga abinci take. Mu abin da ke rufa mana asiri shi ne miya, wake da gyaɗa da kifi da ɗan nama. Gidan da tuwon masara ya zama safe da dare, miyar kuma ta tsinke, uwa ta sa ido a kan fatar 'ya'yanta.

Kada kuma ki ɗauka haka matan Meksiko suka taso cikin sauƙi. Kakanninsu a durƙushe suka ƙare rayuwarsu a gaban dutsen niƙa, mace takan shafe awa biyar ko fiye kullum tana markaɗe, tun kafin asuba, saboda kwaɓin ba ya kwana, tsami yake yi. Da injin markaɗe ya fara shiga ƙauyuka, kamar garin Tepoztlán da ya samu nasa a 1925, maza da yawa suka ƙi, wai tortiyar inji ba ta kai ta hannu daɗi ba, wai kuma mace idan ta samu sarari ba a san abin da za ta yi da shi ba. Kin taɓa jin irin wannan magana a kan tuwon daka da na inji, ko? Matan dai ba su fasa kai markaɗe ba. A ƙarshen shekarun 1940 aka samu injin gasawa da kuma garin Maseca wanda ruwa kawai ake zuba masa. Saurin da ake yabon tako da shi, daga nan ya samo asali: aikin wahalar an riga an yi shi a wani wuri kafin uwargida ta kunna wuta. Shi ya sa farashin tortiya ba abin wasa ba ne a ƙasar. A watan Janairun 2007 da ya yi tashin gwauron zabo, dubban mutane suka cika titunan birnin da zanga-zanga, gwamnatin Shugaba Felipe Calderón kuma ta zauna da 'yan kasuwa aka tsayar da kilo a kan peso takwas da rabi. Zuwa 2024 ya haura peso 20.

Shi tako ba wani abu ba ne illa tortiya mai ɗumi da aka ɗora wa nama ko miya mai kauri, a yayyafa albasa da ɗanyen ganyen kusbara, a matsa lemun tsami, a sa yaji, a ninke a ci da hannu a tsaye. Da safe masu kekuna ke yawo da shi cikin kwando, da dare kuma kowace kusurwa ta zama kamar teburin mai tsire. A 2010 hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiyar ƙasar cikin kayan gadon duniya, a 2024 kuma wani ɗan shagon tako mai suna El Califa de León, wanda ko wurin zama babu, ya samu tauraron Michelin da manyan gidajen abinci ke rububi.

Sai dai fa 'yar uwa, a nan sai kin yi taka-tsantsan. Za ki ga nama a jere a jikin ƙarfe yana juyawa a gaban wuta, ki ce ga shawarma. Da gaskiyarki, jikanta ne, baƙi daga Labanan da maƙwabtanta suka kawo dabarar garin Puebla wajen shekarun 1930. Amma an daɗe da sauya naman rago da na alade, shi ne ake kira al pastor. Ki riƙe waɗannan kalmomi kamar lambar wayarki: cerdo da puerco alade ne, manteca kitsensa ne, carnitas da chorizo da chicharrón duk daga jikinsa suke. Kitsen nan yakan ɓuya a cikin soyayyen wake da tortiyar fulawa, kuma sau da yawa a kasko ɗaya ake soya komai. Ko takon kifi sai kin tambaya, domin wasu da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma shi. Musulmin ƙasar ba su kai dubu goma ba a ƙidayar 2020, don haka kazar da aka yanka yadda kika sani sai an nema. Tortiyar masara ita kam masara ce da ruwa da kal. Ki nemi a gasa miki ita da cuku da furen kabewa, ki ce kada a sa manteca.

Wanda nake so ki ƙullo a bakin zanenki ki dawo da shi gida sunansa tinga, ɗan asalin Puebla. Can ainihinsa har da alade ake yi, amma na kaza ya bazu ko'ina, kuma shi ne abincin ranar gajiya, domin ragowar dafaffiyar kaza yake so. Rabin kaza ya ishi mutum shida, abin da ba zai yiwu ba idan yanka-yanka za ki raba. Ki zare ƙashin, ki yayyaga tsokar da hannu kamar za ki yi dambu, amma kada ki daka. Ki yanka manyan albasa biyu siri-siri ki soya a man gyaɗa cokali uku a wuta kaɗan har ta yi laushi ta fara zaƙi. Kada ki yi rowar albasa, ita ce rabin abincin. Su suna sa wani barkono da aka busar da hayaƙi mai suna cipotile, ke kuwa ki ɗora tattasai biyu da attaruhu ɗaya ko biyu da tumatir biyar a kan garwashi har bayansu ya yi baƙi-baƙi, ki jajjaga da tafarnuwa biyu. Ba zai zama cipotile ba, amma ƙamshin hayaƙin zai fito. Ki juye a kan albasar, ki sa gishiri da ludayi ɗaya na romon kazar, idan ya yi minti biyar ki zuba naman, ki bar shi ya tsotse har ki ja cokali ki ga gindin tukunya. Idan ya yi ruwa zai huda gurasar ya zubo wa yaro a riga. In kazar ta kwana a firiji kuma wuta ta yi ta ɗaukewa, ki shinshina ta tukuna, sannan ki tabbatar ta tafasa har ciki.

Saura abin naɗewa. Tunda babu shagon tortiya a bayan gidanki, ki bi mutanen arewacin Meksiko, irin su jihar Sonora, inda alkama ta fi yawa, su da fulawa suke yin tasu. Fulawa kofi uku, gishiri ƙaramin cokali, man gyaɗa cokali biyar, ruwan ɗumi kofi ɗaya. Ki murza ya yi santsi, ki raba gida goma sha biyu, ki rufe da ƙyalle mai damshi ya huta minti ashirin, a cikin wannan hutun ne za ki haɗa tingar. Idan kika tsallake hutun, kina murzawa yana komowa. Ki murza kowanne da kwalba mai tsabta har ya yi siriri, ki ɗora a busasshen kasko mai zafi ba mai, idan ya fara kumbura ya yi ɗigo-ɗigon ja ki juya, duka bai fi minti ɗaya ba. Kina saukewa kina jera su cikin tawul ki rufe, tururin ne ke sa su yi taushi su ninku ba su karye ba. Kada ki yi sha'awar gwada jiƙon masara da farar ƙasar masu fenti ko gini, ba ta ci ba ce.

A Meksiko ba a naɗa wa kowa. Tukunyar ake kawowa tsakiya, ga tortiya a ƙyallenta, ga yankakken kabeji, ga fiya da aka dama da gishiri da lemun tsami, ga yaji a gefe saboda maigida. Ki shimfiɗa tabarma ki jera su haka, ki nuna wa babbar 'yarki yadda ake yi sau ɗaya: cokali biyu na nama a tsakiya, kada a cika, a ninke biyu, a riƙe da yatsa uku. Sannan ki gaya wa ƙananan abin da kowane yaro a Birnin Meksiko ya sani, cewa kai ake karkatarwa a bi tako, shi ba a karkatar da shi, in ba haka ba miyar a gwiwar hannu za ta sauka.