Ajiya Maganin Wata Rana

 Yau ina so mu yi magana a kan na'urar nan da a ke kira kwamfuta, wadda da yawa daga cikinmu su ke gudu kamar sun ga dodo. Ni malamar makaranta ce, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, kuma ni ba gwanar injuna ba ce. Amma ɗan zaman da na yi da ita ya nuna mini cewa duk macen da ta iya jeren ɗakinta, ta san inda ta sa allura da inda ta sa gishiri, to, ta riga ta san rabin aikin kwamfuta. Sauran rabin kuwa sabo ne kawai.

Wata za ta ce, mu da mu ke zaune a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, ina ruwanmu da wannan? Ai kuwa da ruwanmu ƙwarai. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina yin jarrabawar shiga manyan makarantu da fensir da takarda, sai a kan kwamfuta. Tun 2021 kuma ba a yi wa yaro rajistarta sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Hukumar WAEC ma ta soma gwada kwamfuta a 2024, ga masu zana jarrabawa daga waje. Yarinyar Daudawa ko ta Damari, da ta Legas, gaban inji iri ɗaya za su zauna, lokaci ɗaya za a ba su. In ran nan ne 'yarki za ta fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, lalle an cuce ta, ko da kuwa ta fi kowa ƙwazo a aji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, bari mu soma da ajiya. Duk abin da a ka adana cikin kwamfuta, wasiƙa ce, hoto ne, murya ce, sunansa fayil. Abin da a ke zuba fayiloli ciki kuwa shi ne folda. Ku ɗauki fayil kamar zane, folda kuwa kamar adudu ko akwati. Yadda ki ke ware zannuwan unguwa daga na zaman gida, haka za ki buɗe folda guda ki ce mata "Takardun makaranta," wata "Asibiti," wata "Sana'a." Cikin folda ma a kan buɗe wata folda, kamar ƙunshi cikin akwati, ko wane yaro da nasa.

Ko wane fayil a raɗa masa suna mai ma'ana. Na sha ganin ɗalibaina sun rubuta aiki, sun bar shi da sunan da injin ya ga dama ya ba shi. Bayan mako guda sai a tarar da fayil goma masu suna kusan iri ɗaya, a yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman tsabar kuɗi cikin buhun dawa. Ki sa abin da ke ciki, da sunan mai shi, da shekara, misali "Sakamakon NECO 2024." In kin yi haka, ko kin manta inda ki ka ajiye, akwai gurbin bincike, da kin rubuta sunan zai fito. Kada kuma ki riƙa zube komai a fuskar kwamfuta, wurin nan da ke fara bayyana in an kunna ta. Nan tsakar gida ce, kuma macen kirki ba ta barin tufafinta a tsakar gida.

In kin share fayil bisa kuskure, kada hankalinki ya tashi. Akwai kwandon shara cikin kwamfutar, can ya ke faɗawa, kina iya zuwa ki maido shi muddin ba a zubar da kwandon ba. Sai dai ki lura, abin da a ka share daga filasha, watau ɗan abin ajiyar nan mai kamar ɗan yatsa da a ke soka wa kwamfuta, ba ya biyawa ta kwandon. Shi kam in ya tafi, maido shi sai gwanaye.

Sai kuma rubutu. Galibi da Microsoft Word a ke rubuta wasiƙa, da takardar neman aiki, da jarrabawar 'yan aji. Abu na fari, kafin ki yi nisa ki ba takardar suna ki adana. Sa'an nan duk bayan 'yan layuka ki danne maɓallin Ctrl, ki taɓa harafin S. Dalili kuwa shi ne, abin da ki ke rubutawa kamar ruwa ne a tafin hannu, sai kin adana ya shiga randa. Mun san halin wutar lantarki a garuruwanmu, ba ta sallama in za ta tafi. In kin goge abin da ba ki yi nufi ba, Ctrl da Z za su maido miki shi nan take. Ctrl da C su ke kwafe rubutu, Ctrl da V su manna shi a wani wuri, Ctrl da P kuwa su aika da shi wurin bugawa. Biyar ɗin nan sun isa mai koyo ta fara da su.

In takarda ta kammala za ki aika wa wani, ki mai da ita PDF, don ta isa yadda ki ka tsara ta, layukan ba su wargaje ba. Kuma kafin a buga ko a aika, ki karanta da idonki, musamman suna da ranar haihuwa. Mutum ya kan gane cewa A'isha da Aishatu mace ɗaya ce, amma inji ba ya ganewa. In sunan da ke kan NIN ya saɓa wa na takardar makaranta ko da da harafi ɗaya ne, sai an sha zirga-zirga kafin a gyara. Ki tsai da rubutun sunan ɗanki iri ɗaya tun daga takardar haihuwa, ki bi shi har ƙarshe.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Kowa ya san abin da ƙasarmu ta gani a shekarun nan. Mun ga daren 11 ga Disamba 2020, da a ka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, Allah ya maido su bayan kwana shida. Mun ga ƙauyuka sun watse, mata sun fito da goyo, ba wadda ta tsaya neman jakar takardu. Akwai wata ƙawata da mu ka yi kwaleji tare, 'yar wani ƙauye a ƙasar Faskari. Suna tsere, a ka ƙone ɗakin da takardunta su ke. Abin da ya taimake ta shi ne, tun muna makaranta ta ɗauki hoton ko wace takarda ta aika wa kanta ta imel. Da ta sauka Funtuwa sai ta shiga shagon kwamfuta ta sa a ka buga mata. Hoto dai ba ya zama takardar asali, amma lambobinta da shekarunta duk suna jiki, da su ta bi sawu har a ka ba ta shaida.

Amma kada ku ce imel kaɗai ya isa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina sabo da sha'anin tsaro, har da namu ukun nan, a ka yi watanni ba kira, ba intanet. Wadda ajiyarta ke imel kaɗai, sai ta yi tafiya zuwa inda a ke samun layi. Wadda ke da filasha ko takarda a hannu kuwa ba ta rasa ba. Don haka shawarata ita ce wuri uku: takardar asali cikin leda a ma'ajiya, hotonta cikin filasha a gidan wata 'yar'uwa a wani gari, sa'an nan wani a imel. Gmail na ba ko wane mutum wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, wanda ya fi ƙarfin takardun gida guda. Manomin kirki ba ya zuba irinsa duka a rumbu ɗaya.

Shiga intanet kuwa kamar shiga kasuwar Sheme ne. Akwai mutanen kirki, akwai 'yan sane. Ƙofar shiga ita a ke kira burauza, irin su Chrome. A can sama akwai gurbin adireshi, ki riƙa karanta shi kamar yadda ki ke duba rumfa kafin ki miƙa kuɗi. Adireshin hukumomin gwamnatin Nijeriya ya kan ƙare da gov.ng, na manyan makarantu kuwa da edu.ng. In an turo miki saƙo ta WhatsApp cewa ana rabon tallafi, ki taɓa nan ki sa lambar BVN da lambar sirrin katinki, ki san tarko ne. Ba bankin da ke tambayar lambar sirri. Kuma ba duk abin da ki ka karanta ba ne gaskiya, balle a kan magani. Ki duba wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, ki tambayi ma'aikaciyar asibiti.

Da yawanmu a shago mu ke amfani da kwamfuta. To, imel ɗin da za a yi wa yarinya rajista da shi ya zama nata, lambar wayar ma ta gidansu, ba ta mai shago ba, don duk saƙon da zai biyo baya nan zai zo. Kalmar sirri kuwa makullin ɗakinki ce, da hannunki za ki rubuta ta, kada ta zama sunanki ko shekarar haihuwarki. In kin gama, ki fita daga imel ɗin kafin ki tashi, ki sa a share hotunan takardunki daga injin, ki zare filasharki. Wa ke barin ɗaki buɗe ya tafi unguwa?

Wadda ba ta da kwamfuta kada ta karai. Wayar da ke hannunki ƙaramar kwamfuta ce, ita ma tana da fayil da folda da burauza. Yau da dare, in yara sun kwanta, ki fito da takardun gidan, ki shimfiɗa su inda haske ya ke, ki ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, ki ba ko wanne suna. 'Yan makaranta kuwa, in an buɗe ɗakin kwamfuta kada ku noƙe a baya ku bar wa maza kujeru. Ku zauna, ku taɓa, ku yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ina kuma roƙon iyayenmu da mazajenmu su ba mu dama da goyon baya, gama macen da ta iya adana takardun gida, gidan duka ta adana.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, ya sa wa 'ya'yanmu albarka, amin. Haza wasalam.