Kafin a Sayo wa Makaranta Kilim, a Tambayi Mai Gyara



Duk wanda ya taɓa riƙe alli a Tawa ya san abin da watan Afrilu da Mayu suke yi wa aji. Zafi yakan wuce digiri 40, kwanon rufi ya ɗauki rana tun hantsi, kafin azahar sai ka ga yaro ya kifa kai bisa tebur, ba kuwa don lalaci ba. A daidai wannan lokaci ne kuma ake shirin jarrabawar BEPC da BAC. Shi ya sa idan wani bawan Allah ya ce zai ba makaranta kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, babu mai cewa a'a. Ni ma ba na cewa a'a. Roƙona shi ne mu daidaita irin wadda za a riƙa kawowa, domin a makarantunmu kilim ɗin da suka mutu a bango sun fi masu rai yawa a idona.

A wata makaranta da na koyar a arewacin Adar, mun samu kilim huɗu cikin shekara uku. Biyu tsofaffin ɗalibanmu da ke ci-rani a Abijan suka aiko, ɗaya wani alhaji ɗan kasuwa ya bayar, ɗaya kuma ta zo tare da kwamfutocin wata ƙungiyar agaji. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai kowace da kamfaninta, kowace da irin gas ɗinta, ɗaya ma 'yar Kwatano ce, ta riga ta ci rabin rayuwarta a wata ƙasa. Da ta farko ta tsaya muka kira mai gyaran firji. Ya duba ya ce katin cikinta ne ya ƙone, kuma babu irinsa a Tawa, sai an aika Yamai ko a bi ta Ƙonni a nemo a Sakkwato. Na ce masa to ya ciro na waccan da gas ɗinta ya tsiyaye ya sa a wannan, ko ɗaya ta tashi. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ba uwa ɗaya ta haife su ba." Haka muka zauna da na'ura biyu matattu, kowace tana ɗauke da kayan da ba su amfanar 'yar'uwarta.

Ku leƙa bankuna da ofisoshin kamfanonin waya da ke garin nan, za ku ga wata dabara daban. Galibi irin na'urar da ke reshe ɗaya ita ce a sauran rassan, kuma akwai mai gyara da aka yi yarjejeniya da shi, yana zagayawa yana wanke su kafin su lalace. Ba don sun fi mu son sanyi ba ne. Lissafi suka yi. Idan na'ura ashirin iri ɗaya ce, kayan gyara kaɗan za ka ajiye, mai gyara ɗaya ya isa, wadda ta mutu kuma ta zama rumbun kayan sauran. Ɗan kasuwa ya gane wannan saboda aljihunsa. Mu da muke riƙe da amanar 'ya'yan mutane da kuɗin kwamitin iyaye mun fi shi buƙatar ganewa.

Maganar gas ita ce ta fi muhimmanci, ita ce kuma mai bayar da kyauta ba ya tambaya. Tsofaffin na'urori suna aiki da R22, na bayansu da R410A, sababbi da yawa kuma R32. Ba a zuba wannan a mazaunin wancan, domin ƙarfin matsinsu da man da injin yake sha ba ɗaya ba ne. R22 kuwa yana kan hanyar ƙarewa. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda aka ƙulla don kare rufin iskar da ke tare mana kaifin rana, ƙasashe masu tasowa za su daina amfani da shi kusan gaba ɗaya zuwa 2030. Wanda ya sayo wa makaranta tsohuwar na'ura mai R22 yau don arha, ya sayo mata tsadar gobe. Gana ta hango haka, ta yi doka tun 2008 da ta hana shigo da firji da kilim na gwanjo.

Sai wutar da za ta juya su. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka yanke kuran da ke zuwa daga Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai cikin 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza da aka buɗe a 2018 megawat 7 ce, ta taimaka, amma ba ta ɗauke nauyin jiha ba. Wutar da ke ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi ita ce ke ƙone kati. Ga ƙurar hunturu tana toshe rariyar na'ura, injin ya yi ta nishi har ya gaji. Wanke rariyar nan aikin minti goma ne, amma sai an ce aikin wane ne.

Ga abin da nake ganin ya dace. Makarantun da ke ƙarƙashin sifeto ɗaya su zauna da kwamitocin iyaye da masu gyaran firji na garin, su zaɓi iri ɗaya ko biyu, mai gas ɗaya, wanda ake samun kayansa a kasuwar Tawa. A rubuta a takarda guda. Duk mai niyyar taimako, ɗan ci-rani ne ko ƙungiya, a miƙa masa takardar da ladabi. A haɗa kowace na'ura da abin daidaita ƙarfin wuta, a ware kuɗin wanki sau biyu a shekara, kafin bazara da bayan hunturu. A kowace makaranta a ɗora wa malami ɗaya littafin da zai riƙa rubuta ranar saye da ranar gyara. Idan ɗaliban makarantun koyon sana'a suka ƙware a kan wannan irin, sun samu abin yi, mu kuma mun samu mai gyara a kusa.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, kilim ba ta aji ba ce. Jikin babban mutum yana fitar da zafi kusan wat 100. Ku lissafa yara sittin ko saba'in a ƙarƙashin kwano, ƙofa tana buɗewa kowane minti. Wurinta ɗakin kwamfuta ne da ɗakin karatu. Abin da aji yake buƙatar a daidaita shi ne gini: rufi mai tsawo da silin a ƙarƙashinsa, tagogi masu fuskantar juna, baranda, fanka iri ɗaya, da itatuwa ta gefen yamma. Ba sai mun je nesa neman misali ba. Masallacin Juma'a na Yama da Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962 ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse, aka kammala a 2018. Wanda ya shiga irin waɗannan gine-gine da tsakar rana ya san bambancinsu da ɗakin kwano. Aikin Keita da aka fara a 1984 kuma ya nuna cewa itace yana kamawa a kan duwatsun Adar idan an kula da shi, balle a farfajiyar makaranta.

Iyaye, idan an kira taron kwamiti a bana, ku tashi ku tambaya: wace iri za a kawo, wane gas take ci, wa zai gyara ta, ina ake samun kayanta? Tambaya huɗu ce, ba ta ɓata wa mai kyauta rai, sai ma ta sa ladarsa ta daɗe tana gudana. 'Yan'uwanmu da ke Abijan da sauran wurare guminsu suke aiko mana, bai kamata ya ƙare a bango yana tara ƙura da gidan zanzaro ba.

Allah ya ba yaranmu sa'ar jarrabawa, ya kawo mana damina mai albarka.